Aji biyu a Gombe: an ce Turanci zalla, yaya zan yi da yaran da ba sa jin sa?

Malamar Aji Biyu, Gombe

Assalamu alaikum. Tambaya ce gare ni ga malaman firamare, musamman na nan Gombe da Bauchi, da iyayen yara ma idan suna da ta cewa.

Tun watan Nuwamban 2025 da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, an koma Turanci tun daga rabin aji har jami'a, nake ta juya maganar a raina. Tsarin da aka soke shi ne wanda Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, ya sanar a ƙarshen Nuwamban 2022, cewa duk shekara shidan firamare da harshen da yaro yake ji za a karantar da shi. Shekara uku ke nan tsakanin sanarwar biyu. A tsawon wannan lokaci ni dai ban ga littafin lissafi ko na kimiyya ko guda da aka rubuta da Hausa ya shigo ajina ba, balle na Fulatanci ko yaren Tangale ko na Tera. Ba a kira mu kwas a kansa ba. Abin da ba a fara ba, ta yaya aka gane ya gaza?

Makarantar gwamnati nake koyarwa, a gefen gari. Yaran sun fi ƙarfin bencinan, na gaba a kan buhu suke zama. Akwai 'ya'yan Fulanin da suka taso daga Dukku da Nafada, akwai 'ya'yan Tangale, akwai Waja daga Balanga, Terawa daga Deba, Bolawa daga Kwami, ga kuma 'ya'yan Barebarin da rikici ya koro iyayensu daga Borno da Yobe. In an tashi tara, a fili duk Hausa suke yi. A gida wasunsu wani harshen ake yi musu. Wanda ake yi wa Turanci a gida kuwa babu ko ɗaya.

Akwai wata yarinya a cikinsu, Bafulatana, da yamma takan taya mahaifiyarta sayar da fura da nono wajen Tashar Dukku. Na tsaya wata rana na sayi na ɗari uku, na miƙa mata dubu. Kafin in rufe jaka ta ƙirgo ɗari bakwai ta damƙa min, ta kuma juya ta tuna wa wani mai babur cewa hamsin ɗinta na wurinsa tun jiya. Yarinyar nan ce in na rubuta goma a ɗebe uku a allo, na yi tambayar da Turanci, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. In na maimaita da Hausa, hannunta ne farkon tashi.

Abin da ya fi ci min rai ma shi ne karatu. Yaran sun iya kwafa. Ka buɗe littafinsu ka ga haruffa tsaf-tsaf kamar zanen lalle, amma ɗora yatsa a kan kalma guda ka ce a karanta, shiru. Kuma duk abin da na faɗa da Turanci, in na tambaya ko an gane, aji gaba ɗaya zai ɗauka da murya guda cewa an gane. Amsar suka haddace.

Kada a ɗauka gaba nake yi da Turanci. Na san ba mai shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a cikinsa, a JAMB ma dole ne. Ina so yarana su iya shi fiye da yadda na iya. Abin da nake tambaya shi ne, ku da kuke cikin aji irin nawa, me kuke yi a zahiri? Kuna bin Turancin zalla ko kuna gaurayawa? In masu duba makarantu suka shigo suka tarar kuna bayani da Hausa fa? Sannan, ko da ba a soke tsarin ba, a ajin da ke da harsuna kusan bakwai, wanne ne harshen uwar da zan ɗauka?

Tsohon Hedimasta, Bauchi

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada.

Wannan magana ba a 2022 aka fara ta ba. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tanadi cewa farkon firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi za a koyar, Turanci ya zama darasi, sai an ɗan yi nisa a juya. Daga baya aka tsayar da shi a kan aji ɗaya zuwa uku, a aji huɗu a koma Turanci. Kafin nan ma, zamanin En'e, elementare da Hausa ake yin ta a yawancin Arewa. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hausa ya koya wa magidanta karatu, har manomi ya sayi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya zauna a gindin bishiya ya karanta wa abokansa. Iyayenmu da suka bi ta wannan hanya, waɗanda suka zarce midil, Turancinsu bai gurgunce ba. Duk wanda ya taɓa jin jawabin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san haka.

An kuma gwada abin a ƙasar Yarabawa, gwaji na ilimi ba na baka ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗauki yaran firamare suka karantar da su komai da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma darasi ne mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware. Da aka gwada su da waɗanda suka bi tsarin da aka saba, ba su gaza ba, har a Turancin kansa. Amma ki lura da abin da aka yi kafin a kai ga haka: an zauna an rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, an horar da malamai. Wannan aikin ne ba a yi ba bayan 2022.

Dalilin da Minista ya bayar shi ne yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka fi koyarwa da harshen gida. Faɗuwar gaskiya ce, ba mai musun ta. Sai dai yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, sai 2035 zai zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi yanzu ba 'ya'yan wancan tsari ba ne. 'Ya'yan ajin da ba littafi ne, ajin da malami ɗaya ke fama da yaran da yawansu ya isa a raba su aji uku.

Mu a Bauchi mun ɗan ga yadda abin yake idan an yi shi da gaske. Shirin nan na hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, da ya fara a 2015 a Bauchi da Sakkwato ya kawo littattafan Mu Karanta, na ɗalibi daban, jagoran malami daban, kowane zango da nasa. A fara da sautin harafi, a haɗa gaɓa, a haɗa kalma, duk da Hausa, sannan a shigo da Turanci a hankali. Na ga yaron aji biyu ya ɗauki ɗan labari ya karanta shi da kansa, uwarsa na tsaye bakin taga ta zo kawo masa abin tara, ta kasa tafiya.

Shawarata gare ki: darasin Hausa yana nan a jadawali, ki mai da shi wurin koyar da karatu sosai. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yakan kama ta da wuri, kuma wanda ya gane yadda harafi ke zama sauti ba zai sake koyon wannan daga farko ba idan ya zo Turanci. Turancin kuma ki ba shi lokacinsa kullum, da baki, da waƙa, da nuna abu a kira sunansa. Abu ɗaya da zan hana ki: kada ki riƙa faɗar jimla da Turanci ki bi ta da fassara nan take. Yara suna da wayo, za su toshe kunne su jira Hausar. A lissafi ki yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan ki ba su kalmomin Turancin ki rubuta a allo. Shirin darasinki ki rubuta shi da Turanci kamar yadda aka saba. Masu duba makarantun nan yawancinsu sun riƙe alli, sun san abin da ke cikin aji.

Ɗan Kaltungo

Malama, sannu da aiki. Baba Hedimasta, ina gaisuwa. Na ji daɗi da Malama ta yi tambayar ƙarshen nan, don ita ce ba a cika yi ba.

Ni ɗan Tangale ne, a Gombe nake aiki, a nan aka haifi 'ya'yana. Idan aka ce harshen uwa, ku Hausa kuke ji. Mu kuwa abin da muke ji shi ne za a koyar da ɗanmu da harshe na biyu kafin a kai shi na uku, namu kuma ba a ma ambace shi ba. Ina jin Hausa, da ita nake wannan rubutu, da ita nake ciniki, a coci ma da ita da Turanci ake yawancin sujada a cikin gari, Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutanenmu tun 1932. Ba ƙin ta nake yi ba. Amma duk Kirsimeti in muka je gida, mahaifiyata takan zaunar da jikokinta ta yi musu magana da yaren Tangale, su amsa mata da Hausa. Ta daina yi musu faɗa a kai. Ni take kallo.

Kuma ba tsoro ne na banza ba. A ƙasar Bauchi akwai harshen Ajawa, masana sun rubuta cewa ya ɓace tsakanin 1920 da 1940, masu shi sun koma Hausa. A Ningi ma akwai harsunan da suka tafi haka. Gerawa fa? Malam Yakubu da ya kafa Bauchi Bageri ne, yau a je a ƙirga samarin da za su iya hira da yaren Gera. Ba Turanci ne ya cinye waɗannan ba.

Duk da haka ban goyi bayan Turanci zalla ba, don shi ma ba zai dawo min da yarena ba, kuma na yarda yarinyar da Malama ta kwatanta ana cutar ta. A cikin garin Gombe a yi bayani da Hausa, ita ce yaran suka haɗu a kai, wannan gaskiya ce. Amma a ƙauyukan Billiri da Kaltungo, inda yaro ke zuwa aji ɗaya da yaren Tangale a bakinsa, me zai hana a fara da shi? Haka Waja a Talasse, haka Tera a Deba. Ga Kwalejin Ilimi a Billiri, ga Jami'ar Jiha, ga ta Tarayya a Kashere, ana iya horar da malaman a nan gida. Jiharmu ƙananan hukumomi 11 ne kawai, ba abin da ya fi ƙarfin a zauna a duba wane harshe ake yi a kowace mazaɓa ba ne. Firamare kuma a hannun jiha da ƙananan hukumomi take, ba sai an jira Abuja a komai ba.

Doka ma ta ba da ƙofa. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 Hausa da Ibo da Yarabanci kawai ya ambata tare da Turanci a Majalisar Tarayya, amma sashe na 97 ya bar wa kowace majalisar jiha ta ƙara duk harshen da ake yi a jiharta idan ta amince. Legas ta yi amfani da wannan, ranar Alhamis da Yarabanci suke zama, a 2018 kuma suka yi dokar kare harshen. Mu nan ko darasi ɗaya a mako ba mu nema wa namu ba, kuma ba a rubuta shi a WAEC, shi ya sa yaro ke ganin ba shi da amfani.

'Yan'uwana Hausawa kuma ku duba 'ya'yan masu hali da ke manyan makarantun kuɗi, ku ji irin Hausar da ke bakinsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Baban Khalifa, Tudun Hatsi

Malama ki yi haƙuri, ni ra'ayina daban. Hatsi nake sayarwa, ban yi boko mai nisa ba. Takardar banki da Turanci take. Takardar fili da Turanci. Saƙon da ke shigowa waya in an turo kuɗi da Turanci. In mota za ta yi Kudu da masara, sai na nemi yaro ya karanta min abin da zan sa wa hannu, sirrin kasuwata a hannun ɗan wani. Wannan ne ya sa na cire nawa daga ta gwamnati na kai su ta kuɗi, ina biya da ƙyar. Hausa za su ji ta a gida ko sun ƙi ko sun so. Manyan da ke cewa a koyar da harshen uwa, ina nasu 'ya'yan suke karatu? Ko Nijar da ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, a takarda guda ta rubuta cewa Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki. Ranar da aka fara ɗaukar aiki da Hausa, aka buga takardar kotu da ta banki da ita, ni ne na farko da zan goyi bayanku.

'Yar Dukku

Sannunku. Ni ba malama ba ce, a wani ƙaramin asibiti nake aiki, amma maganar ta shafe mu. Mata na zuwa daga ruga ba Hausa sosai, Turanci kuwa babu. In ba na nan, ɗanta ɗan shekara goma ake kira ya yi tafinta, a kan ciwon da mace ba za ta iya faɗa a gaban ɗan da ta haifa ba. Sai ta ce kai ne ke ciwo, a ba ta maganin ciwon kai ta tafi. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, sai dai mu ja layi a jikin kwalin, ɗaya safe ɗaya dare. Don haka in ana maganar harshe kada a tsaya a aji kawai. Fulatanci kuma ba a rasa masu koyar da shi ba, ana karanta shi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola da Jami'ar Maiduguri, hukumar ilimin makiyaya ma tana nan tun 1989. Ɗaukar su aiki ne ya rage. Yaya Ɗan Kaltungo, abin da ka faɗa a kan jikoki, mu ma haka yake a gidanmu.

Malamar Aji Biyu, Gombe

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Baba Hedimasta, maganar kada a bi jimla da fassara ta shige ni, zan raba lokacin kamar yadda ka ce. Lissafin da ka yi na 2035 kuma ya kamata a ce an faɗe shi a gaban waɗanda suka yanke hukuncin.

Baban Khalifa, ba mu saɓa ba kamar yadda kake gani. Abin da kake nema wa Khalifa shi nake nema wa yarana: ranar da za su karanta takardar banki da kansu. A kan hanyar zuwa can ne muka rabu. Kuma ina roƙonka abu ɗaya, don Allah. Yau da dare ka ba shi littafinsa na Turanci, ka buɗe shafin da ba a kai ba, ya karanta maka, sannan ya gaya maka da Hausa abin da shafin ya ce. In ya iya, ka riƙe makarantar nan da kyau. Na faɗi haka ne don yara sukan dawo mana daga ƙananan makarantun kuɗi idan kuɗin ya gagara, suna gaisuwa da Turanci mai daɗi, suna rera waƙoƙi, amma a karatu suna tare da na kan buhu. Malamar da ake biya abin da bai kai kuɗin mota ba, ita ma ba a koya mata yadda ake koyar da karatu ba. Maganarka ta banki da kotu kuwa gaskiya ce tsantsa, muddin takardun da ke ci da mutum suna harshe guda, iyaye za su bi wannan harshen, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Malam Ɗan Kaltungo, taka ce ta fi tsaya min. A ajina akwai yaran da ban taɓa jin kalma ɗaya ta harshen gidansu a bakinsu ba, in an tambaye su ma sai su ɓoye, don kada a yi musu dariya a fili. Wannan ba sai Minista ya sa hannu zan iya taɓa shi ba. Ba zan iya koyar da yaren Tangale ba tunda ba na ji, amma zan iya sa kowane yaro ya tambayo a gida yadda ake gaisuwar safe da ƙirga ɗaya zuwa goma, ya zo ya koya wa aji, mu rubuta a kwali mu manna a bango kusa da na Hausa da na Turanci. Ita mai furar da Fulatanci za ta fara, don na ji ta tana yi da mahaifiyarta.

Sai dai ina tsoron in rubuta ba daidai ba yara su haddace kuskure. Malam, in ba damuwa ka turo min gaisuwar da ƙirgen da yaren Tangale yadda ake rubuta su. 'Yar'uwa 'Yar Dukku, ke ma na Fulatanci. Wanda ke jin Tera ko Waja ko Bolanci ya taimaka. Baba Hedimasta, in akwai wanda ka sani da ya ajiye jagoran malami na Mu Karanta na aji biyu, ko tsoho ne, ina so. Akwai direban da ke zuwa Bauchi daga unguwarmu, zan sa ya karɓo in yi hoto in mayar.